Mintunan Yaran Gwaggo

Litinin, 5 ga Mayu

An kawo kwamfutocin hannu. Guda goma sha huɗu a cikin akwatin roba, kowace da rigarta shuɗiya. Ajina kaɗai yara hamsin da takwas ne, kuma da mu da aji biyu da aji huɗu za mu riƙa karɓa-karɓa. Na yi lissafin a zuci, na bar shi a zuci.

Wadda ta kawo su yarinya ce daga ofishin ilimi, siririya, mai tabarau. Ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Tana da ladabi, ba zan ɗauki alhakinta ba, Mama take ce mini. Awa biyu ta tara mu a ɗakin malamai tana nuna mana inda ake kunnawa da inda ake kashewa. Abin da na riƙe shi ne: kowane yaro da sunansa a ciki, kowane yaro sai ya yi minti talatin a mako yana karatu a kai, kuma duk abin da ya danna suna gani daga ofis. Makarantar da ta cika mintunanta koriya ce a wurinsu. Wadda ba ta cika ba ja ce.

Na tambaye ta ina za mu samo mintunan. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da aji uku, ba wanda ya taɓa zuwa daga ofis ya tambaye ni me nake buƙata. Da an tambaya, benci zan ce.

Alhamis, 8 ga Mayu

Minti arba'in ne darasin karatu. Goma sun tafi wajen ɗauko akwatin, don makullin yana aljihun Hedimasta, shi kuma yana bakin ƙofar makaranta yana faɗa da masu latti. Biyar sun tafi wajen raba rigimar wa zai riƙe. Wani ya shiga da sunan abokinsa. Wata ta lashi gilashin. Guda uku ba caji. Waɗanda ba su samu ba na rubuta musu aiki a allo, amma wa zai kalli allo alhali na kusa da shi yana riƙe da abu mai magana?

Na dawo gida kaina kamar zai tsage. Baban yara ya ce ai ci gaba ne. Na ce ya zo gobe ya riƙe mini ajin minti goma, sai mu yi maganar ci gaban.

Talata, 13 ga Mayu

Ba wuta tun jiya. Suna nan kwance a akwati kamar farantai.

Juma'a, 16 ga Mayu

Mun fito ja. An kira Hedimasta a waya daga ofis, shi kuma ya zo ya sauke a kanmu.

Ajina ne ya fi kowa ja da makarantar baya, kuma na san dalili. Yara tara a ajina ba su da ko minti ɗaya. Su ne yaran Gwaggo.

Gwaggo tsohuwar malama ce, ta yi ritaya aka dawo da ita bara don yaran da suka kai aji uku ba su iya karatu ba. Kullum idan aka kaɗa ƙararrawar darasin karatu sai taran nan su tashi su tafi wurinta, tsohon sito ne kusa da famfo aka share mata. Awa ɗaya take yi da su ta tafi. To lokacin nan ne kuma aka ba ajina kwamfutoci. Yaro ba zai rabu gida biyu ba.

Na ce wa Hedimasta a sauya mana lokaci. Ya ce sauran lokutan na aji biyu ne da aji huɗu, saura kuma na caji. Na ce to a rubuta wa ofis a bayyana musu. Ya ce, "Malama, ofis ba ya karanta wasiƙa, launi yake kallo." Ya ce in san yadda zan yi kafin Juma'a mai zuwa.

Kullum haka ne. In san yadda zan yi.

Litinin, 19 ga Mayu

Na je wurin Gwaggo in roƙe ta ta bar mini yaran ranar Juma'a kawai. Na same ta zaune a ƙasa da su, ta baje marafen kwalba, kowane marfi da harafi ɗaya da ta rubuta da fenti. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "'Yar nan, zauna ki gani tukuna."

'Yar Tela take so in gani. Ita ce yarinyar da ta shigo ajina ba ta san ko harafi goma ba, shekararta tara, kullum tana can ƙarshen benci kanta a ƙasa. Ubanta ne mai shagon ɗinki a kan layinmu. Gwaggo ta tura mata marfi biyu. Yarinyar ta daɗe tana kallonsu, leɓenta yana motsi, sannan ta haɗa su ta faɗa a hankali. Aka ƙara mata biyu, ta haɗa. Aka jera huɗun ta karanta kalma guda. Ta ɗago ta dube ni kamar ta yi laifi.

Gwaggo ta ce wata bakwai suka yi kafin su zo nan. Ta ce ranar Juma'a ɗaya idan aka ɗauke, zuwa Litinin rabin abin ya zube. "Ko minti ba zan ba ki ba. Ki je ki gaya wa mai kwamfutar in ji ni."

Na fito ina jin haushinta, kuma na san gaskiyarta ce.

Laraba, 21 ga Mayu

Malamin aji huɗu, wanda muke kira Ba-komai don duk abin da ya faru abin da zai ce ke nan, ya same ni ina tsaki ni kaɗai bayan an tashi. Ya ce, "Yaya, ke ma da son wahalar da kai." Ya janyo kwamfuta uku ya jera a kan tebur, ya shiga da sunan yaransa uku da ba su zo ba, ya hau dannawa da yatsa ɗaya yana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Ko kallon tambayoyin ba ya yi.

Ya ce in aka bar ta a kunne kawai ba ta ƙirgawa, sai ana taɓa ta. Ya ce mintuna ofis suke so, a ba su mintuna. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: in riƙa danna kowace amsa ta zo, kar in tsaya nema.

Na ce wannan ai ha'inci ne. Ya ce ha'incin wa? Yaran suna can suna koyon karatu na gaskiya wurin Gwaggo, ba wanda aka cuta.

Har na zo gida ina neman amsar ban samu ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na yi.

Uku-uku na jera su kamar mai girki a murhu uku, awa ɗaya da rabi na gama da taran. Amma abin da Ba-komai ya ce in yi ya gagare ni. Aka nuno hoton kaza, aka jera kalmomi uku, na kai yatsa kan wadda ba ita ba, yatsan ya ƙi sauka. Wallahi ya ƙi. Shekara ashirin da biyu ina jan layi a ƙarƙashin kuskure, yau a ce ni da hannuna zan zaɓi kuskure, kuma da sunan yaron ajina? Na daure na danna guda ɗaya. Kwamfutar ta yi wani ɗan kuka mara daɗi, ta nuna jan gicciye kusa da sunan yaron. Sai na ji kamar na yi masa ƙazafi.

Daga nan duk daidai na danna. Mintuna ake ƙirgawa, ina ruwan wani da amsa.

Juma'a, 23 ga Mayu

Kore. Hedimasta ya gaishe ni sau biyu yau.

Litinin, 2 ga Yuni

Ya zama aiki. Laraba da Alhamis bayan an tashi, ni da Ba-komai a ɗakin malamai, shi da gyaɗarsa ni da tabarauna. Baban yara ya tambayi abin da ke tsayar da ni, na ce makin littattafai. Rabon da in yi masa ƙarya irin wannan har na manta.

Wutar ma ta ƙi zama. Yanzu idan ta zo da rana sai ka ga babban mutum kamar Hedimasta yana gudu da wayoyin caji.

Talata, 10 ga Yuni

Tambayoyin yaran Gwaggo sun sauya. Da hoto ne da kalma ɗaya, yanzu labari ake ba ni mai sakin layi uku, a ce in faɗi dalilin da ya sa manomi ya koma gona. Na lura, amma ban tsaya tunani ba, ina sauri ne in je in ɗora tukunya.

Ruwan sama ya shigo ta tagar da na yi shekara uku ina magana a kanta. Littattafan yara shida sun jiƙe. Akwatin kwamfuta kuwa an sa shi a kan kabad an lulluɓe da leda biyu.

Laraba, 18 ga Yuni

Tela ya zo makaranta.

Ina cikin darasi aka ce ana sallama da ni. Na fito na same shi da tef ɗin awo a wuya, ko cirewa bai yi ba. Ya miƙo mini wayarsa. Ashe shirin nan yana tura wa iyaye saƙo, ba wanda ya gaya mana. Saƙon ya ce 'yarsa ta kai matakin ƙarshe na karatun aji uku, ta amsa kusan komai daidai, tana cikin na gaba-gaba a makarantun yankin baki ɗaya.

Ya ce shi bai yi nisa a makaranta ba, wani mai kawo ɗinki ne ya karanta masa, ya sa aka maimaita sau uku. Ya ce, "Malama, ni na san yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, kunya ce kawai." Ya ce a gida idan ya ce ta karanta masa sai ta ruga bayan uwarta. Ya yi ta sa mini albarka, ni da iyayena da 'ya'yana.

Na ce amin. Na ce yarinya tana ƙoƙari. Abin da bakina ya iya ke nan.

Na koma aji na rasa inda na tsaya a darasin, sai da yara suka tuna mini.

Alhamis, 19 ga Yuni

Gwaggo ta je ganin likita saboda gwiwarta, taran suka zauna a aji. Na ce yau dai su taɓa kwamfutar da hannunsu. 'Yar Tela ta karɓa da hannu biyu, ta goge tafinta a siket kafin ta taɓa. Na nuna mata sunanta ta danna.

Labari ya fito, shafi guda cike, ba ko hoto. Na kusa da ita yana haɗa hoton akuya da kalma yana dariya, ita an ba ta abin da ni na kai ta. Ta kalla, ta kalla. Ta sa yatsa ƙarƙashin kalmar farko kamar yadda Gwaggo ta koya mata. Minti goma tana layin farko. Sannan ta kife kwamfutar a kan benci a hankali, ta ce, "Malama, tawa ta manya ce."

Na nemi inda zan mayar da ita baya, babu. Sai daga ofis.

Sauran takwas ɗin ma haka. Ɗaya ya yi kuka.

Litinin, 23 ga Yuni

Takarda ta zo daga ofis. Hedimasta ya karanta mana a ɗakin malamai yana murmushi har kunne. Ana yaba wa makarantarmu. Yara tara da aka sani ba su iya karatu ba sun zama na gaba cikin mako biyar, wannan ya nuna amfanin shirin. Tunda haka ne, makarantar ba ta da sauran buƙatar ajin taimako. Daga huɗu ga wata mai zuwa za a mayar da Gwaggo wata makaranta da ta fi mu buƙata.

Aka yi tafi. Ba-komai bai yi ba, ya juyo ya dube ni.

Ni na rufe ajin Gwaggo, da yatsa ɗaya.

Talata, 24 ga Yuni

Ba-komai ya tare ni a baranda. Yau bai ce ba komai ba. Ya ce, "Yaya, ban ce ki danna kowace ta zo ba? Nawa yaran ga su nan tsaka-tsaki, wa ya kula da su?" Wai laifina shi ne ban iya ƙarya yadda ya kamata ba. Ya roƙe ni in yi shiru, yana da takardar ƙarin girma a gaba.

Na shiga wurin Hedimasta na rufe ƙofa na faɗa masa komai. Bai yi mamaki ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce shi bai ji ba, bai gani ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ce in san yadda zan yi." Ya ce ai bai ce in yi wannan ba. Ya ce yara tara ne, su bi sauran, a hankali za su kama. Na ce shekara biyu suka yi suna bin sauran ba su kama komai ba. Ya ce in yi tunanin sunan makaranta, in yi tunanin shekarun da suka rage mini.

Na yi tunanin. Shekara takwas ne suka rage mini, kuma ba a taɓa rubuta mini takardar tuhuma ba ko sau ɗaya. Ina alfahari da wannan, ba zan ɓoye wa littafin nan ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Gwaggo na je na faɗa wa. Na ɗauka za ta wanke ni tas, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana tattara marafenta a gwangwani, ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce ita da ta ji an ce yaranta sun zama na gaba, dariya ta yi, ta ɗauka na'urar ce ta haukace.

Ta ce, "Ni tsohuwa ce, duk inda aka kai ni akwai yara. Waɗannan fa?"

Ta ce 'Yar Tela tana bakin gaɓa, wata uku kawai take nema. Idan aka sake ta yanzu za ta koma ƙarshen benci, kuma ba za ta ƙara yarda ta gwada ba, don ta riga ta ga ana cewa ta iya alhali ta san ba ta iya ba.

Ban san yarinyar ta sani ba. Gwaggo ta ce ubanta ya gaya wa duk layin, yara suna tsokanarta da Farfesa.

Juma'a, 27 ga Yuni

Mai Tabarau, yarinyar nan ta ofis, ta zo da takardun yabo guda tara da mai ɗaukar hoto. An share harabar makaranta, an aro kujeru. Ta rungume ni, ta ce, "Mama, kin fitar da ni kunya." Ta ce a taron manyansu makarantarmu ta nuna.

Sai ta ce a kira yarinyar da ta fi kowa, ta karanta ɗan sakin layi a ɗauka. Hedimasta ya aiki wani ya kira ta. Na hango 'Yar Tela ta fito daga aji kanta a ƙasa, an gyara mata ɗankwali, takalminta a goge.

Ban shirya komai ba. Na ji bakina yana cewa a mayar da ita aji. Na ce wa Mai Tabarau ina son magana da ita, mu biyu.

A sito na faɗa mata, a gaban marafen Gwaggo. Ban ambaci kowa ba sai kaina. Ta cire tabaran ta riƙe a hannu. Ta tambaya duka taran? Na ce duka. Tun yaushe? Na faɗa. Ta ce, "Mama, me ya sa ba ki ce mini ba zai yiwu ba?" Na ce na tambaye ki ranar farko, kika yi dariya. Idonta ya kawo ruwa, ban sani ba ko na haushi ne ko na kunyar abin da za ta je ta faɗa wa manyanta.

Na ce duk abin da za a yi mini a yi, amma a bar Gwaggo. Ta ce an riga an sa hannu, kuma makarantar da za a kai ta yara arba'in ke jira, an sanar da iyayensu. Za ta rubuta, amma ba abin da zai motsa kafin sabuwar shekarar karatu, shi ma ba ta yi alkawari ba.

Ta tafi da takardun yabonta a jaka. Mai hoto ya ɗauki hoton kujeru.

Litinin, 30 ga Yuni

Takardar tuhuma ta iso, an ba ni mako guda in amsa. Hedimasta ya miƙo mini ita ta hannun masinja, ofishinsa kuwa taku goma ne daga ajina. Ba-komai ya sauya wurin zama a ɗakin malamai. Mun koma ja, kuma wannan karon kowa ya san sunan wadda ta jawo.

Na faɗa wa Baban yara gaskiyar makin littattafan. Ya ce shi da ma ya san ba maki ba ne, don hannuna ba ya dawowa da jan biro.

Laraba, 2 ga Yuli

Na je shagon Tela bayan an tashi. Sau biyu ina wuce ƙofar kafin in shiga. Ya tashi zai ba ni kujera, na ce ya zauna.

Na faɗa masa ni ce na amsa tambayoyin, ba ita ba. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da taka keken har ya kai ƙarshen hannun rigar da yake ɗinkawa, ya yanke zare. Sannan ya ce, "To a ina take, a gaskiya?"

Na ce tana haɗa harafi biyu, wani lokaci ta karanta kalma guda ita kaɗai. Na ce watanni bakwai baya ko wannan babu.

Ya ce, "Malama, da wannan kika faɗa mini ranar nan, shi ma murna zan yi."

Ban yi kuka a shagon ba. Na kai kwanar layi tukuna.

Juma'a, 4 ga Yuli

Gwaggo ta tafi. Ta bar mini gwangwanin marafen, ta ce ta iya yin wasu. Sito an kulle, wai za a mayar da tsofaffin kujeru ciki.

Litinin, 7 ga Yuli

Na amsa takardar. Layi biyar, ban kare kaina ba, amma na rubuta musu lissafin kwamfuta goma sha huɗu da yara hamsin da takwas da minti arba'in, su ma su yi su gani.

Taran na riƙe su lokacin hutun ƙarfe goma. Minti ashirin ne, ba awa ba, kuma ni ba Gwaggo ba ce. Ba ni da haƙurinta. Yau sau biyu na faɗa wa yaro amsa kafin ya gama tunani. Shayina ya huce a kan taga.

Mai Tabarau ta turo saƙo, ta ce ta mayar da sunayensu matakin farko. Ba gaisuwa, ba Mama.

Alhamis, 10 ga Yuli

A lokacin hutu ba wanda ke amfani da akwatin, sai na ɗauko. Ba don ina son abin ba, har gobe ina nan a kan bakana game da benci da taga. Marafen ne ba sa isa yara tara a minti ashirin.

Akwai wani shafi a ciki da ke jera wa malami abin da kowane yaro ya faɗi, harafi-harafi. Da ban taɓa buɗe shi ba, don lokacin da nake dannawa ba abin da zai jera. Jiya na duba, na ga yara huɗu wuri ɗaya suke tuntuɓe, yau na fara da nan. Na kwafe shi a bayan rajista. Na kuma tura wa Mai Tabarau tambaya yadda ake buɗe na sauran arba'in da tara. Gani kawai nake so in yi.

'Yar Tela ta ƙi karɓa da farko. Na ce ta duba, an sauya mata. Ta leƙa ta ga hoto da kalma ɗaya, ta janyo ta gabanta. Na tashi na koma bakin ƙofa na juya mata baya, don na san halina. Ina jin ɗan kukan nan mara daɗi yana tashi, ya sake tashi, ya sake. Ban waiwaya ba. Har aka kaɗa ƙararrawa ba ta kife ta ba.

Uku cikin goma ta ci. Duka ukun nata ne.